Finjali Ɗaya Ga Masar Ummu Turki

"Ki goge shi, Mastura. Ba shawara nake ba ki ba."

Wafa'u ce mai maganar, 'yata ta cikina. Tana tsaye a tsakiyar falo da ludayi a hannu, miya tana ɗiga a kan sabon kafet ɗin da muka shimfiɗa saboda baƙin ranar Juma'a. 'Yarta Mastura tana zaune a hannun kujera, ko farar rigar aiki ba ta cire ba, ta rungume waya a ƙirji kamar za a ƙwace mata jariri. Ta ce ba za ta goge ba. Uwar ta sake faɗa, ta sake cewa a'a. Daga nan Wafa'u ta koma Larabci, kun dai san 'yan haihuwar Jidda, in rai ya ɓaci Hausa ba ta yi musu sauri.

Ni kuwa ina kusurwata kusa da taga, ina ɓarar gyaɗa, na yi fuskar salihan bayi. Ku riƙe wannan daga gare ni: duk gidan da kuka shiga ana rigima, kuka ga tsohuwa ta yi shiru tana kallon silin, ku fara bincike daga kanta.

Sallama gare ku, 'yan uwa masu leƙo wannan shafi. Yau ba gulmar kowa na kawo muku ba sai tawa, kuma ta fi ta kowa daɗi, don na san ta ciki da waje.

Mastura jikata ce, shekararta ashirin da shida, tana aiki a wani kantin magani a nan unguwarmu ta Bani Malik. Bayan aikin tana da shafi a waya inda take auna sababbin littattafan da mutanenmu ke rubutawa da Hausa, na 'yan nan Jidda da waɗanda masu umara ke kawowa daga gida. Mutum dubu huɗu da ɗoriya suna bin ta. Ba taurari take ba littafi ba, finjalin gahawa take ba shi. Mai biyar shi ne baƙon da ba a so ya tashi. Mai ɗaya kuwa, a kurɓa a nemi takalmi.

Abin da dubu huɗun nan ba su sani ba shi ne, Hausar Mastura ta falo ce da kicin. Tana karanta boko tsaf, amma in marubuci ya nutsa can cikin Hausa sai ta tsaya a bakin ruwa tana leƙe. Ni kuma aji uku na yi a Gumel kafin a kawo ni Jidda ina amarya, idon ma yanzu sai da tabarau biyu, amma kunnena bai tsufa ba. Don haka kullum bayan La'asar sai ta haɗa mana shayi, ta zauna a ƙafafuna tana karantawa, ni ina ɗanɗanar gishirin. Abin da na faɗa ta wanke shi, ta sa masa riga mai kyau, ta fitar. Ni na hana ta sa sunana, don in ci gaba da zuwa biki ana gulmar shafin a gabana.

Wannan watan littafi biyar suka taru.

Na farko na waƙa ne, na wani Abduljalil mai tuƙa motar makaranta a unguwar Waziriyya. Baiti kusan ɗari biyu duk na begen Katsina, garin da ƙafarsa ba ta taɓa takawa ba. Wai yana kewar ƙamshin ƙasa in an yi ruwan fari. Na ce yaron da aka haifa a Jidda, a ina ya shaƙi ruwan fari? Mu nan in sama ta zubo, gudu ake a ɗauke motoci daga kwari. Amma can wajen ƙarshe akwai 'yar gajeruwar waƙa a kan mabuɗin da ubansa ya rataya a wuya shekara talatin, na wani ɗakin ƙasa da ya daɗe da rushewa. Sai da na nemi bakin mayafina. Saboda mabuɗin nan kaɗai muka ba shi uku.

Na biyu tarihi ne, na Malam Muntaka, a kan mutanenmu da suka zo Hajji da ƙafa ta Sudan. Mutumin ya yi aiki, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya jero maza ɗaya bayan ɗaya, kowa da garinsu da jakinsa, saura kaɗan ya faɗi sunayen jakunan. Amma matan da suka yi girki a hanya, suka haihu a gindin bishiya suka tashi suka ci gaba da tafiya, ko ɗaya babu. Surukata, Allah ya jiƙanta, shekara bakwai ta yi da tukunya a kai. Muka ba shi uku, da saƙon ya koma ya tambayi tsofaffin mata tun ba mu ƙare ba.

Na uku falsafa. Wani yaro Mish'al da ya yi jami'a, wai yana tambaya ko mutumin da ya bar gida shekara arba'in shi ne dai zai koma, ko wani ne daban. Kwana uku ana karanta min, kwana uku barci na ɗauke ni a shafi na uku. Na ce wannan ba finjali yake buƙata ba, butar gahawar gaba ɗaya za a ɗora wa mai karatu. Na yanke masa ɗaya. Mastura ta ce ba ta yarda ba, wai ita da aka haifa a nan, ake kiranta 'yar can, ta je can aka kira ta 'yar nan, ta ji littafin har cikin ƙashinta. Ta ba shi huɗu a kan idona. Ranar na san ba aku nake kiwo ba.

Na huɗu na yara ne, na wata malama Rana, labarin kyanwar tsohon gari da ta ɓuya a jakar wata hajiya ta tsinci kanta a Kano. Wannan ba mu wahalar da kanmu ba, tagwayen maƙwabciyarmu muka kira, 'yan matan da Hausarsu ba ta wuce "ina kwana" ba. Aka gama suka ce a sake. Biyar cif.

Sai na biyar, wanda ya jawo ludayi yake ɗiga a kan kafet. Littafin girki, bango mai sheƙi, da hoton tuwo da miyar kuka. A ƙasa an rubuta sunan mai shi: Ummu Turki.

Ga waɗanda ke karantawa daga gida, a nan mace da sunan ɗanta na fari ake kiranta. Ni Ummu Badr ce. To Ummu Turki a Jidda sun fi a ƙirga, shi ya sa Mastura ba ta kawo komai a ranta ba. Ni kuwa ina jin sunan na ajiye kofin shayi. Ummu Turki ɗaya na sani mai girki, ita ce Mariyamu ta Waziriyya. Turkin nata yana ɗan shekara biyu Allah ya karɓi abinsa, yaran yanzu ba su ma san an yi shi ba, mu tsofaffi ne kawai muke kiranta da shi. Yaran yanzu Khala Mariyamu suka sani, wato Inna Mariyamu, uwar Zaharadden.

Zaharadden kuwa shi ne mai neman auren Mastura.

Yaro ne dogo mai kunya, yana aiki a wata maɗaba'a. Farar rigarsa kullum a goge har tana iya yanka. Wata takwas yana zuwa duk Alhamis, kuma bai taɓa hawo benen nan hannu rabbana ba, ko burodin tamis mai zafi ko dabino, ya durƙusa ya ce "Sitti, ga naki", wato kaka. Ranar Juma'ar nan ce aka sa kawunnansa da uwarsa za su zo neman aure. An sayi kafet, an wanke labule, Wafa'u ta yi odar turaren wuta har kala uku.

To me ya hana in buɗe baki in ce, yarinya, wannan littafin surukarki ne? Na yi niyya, Allah ya sani. Na ce bari dai ta ɗan karanta in ji yadda Mariyamu ta koma marubuciya. Tana cikin karatu ta iso shafi na arba'in da biyu, yadda ake masa.

Jama'a, maganata na ji tana fitowa daga bakin jikata.

A jiƙa shinkafar tuwo tun safe. A wanke ta sau uku har ruwan ya yi fari kamar idon mai gaskiya. Wannan idon mai gaskiyar nawa ne, ni na ƙirƙire shi. Shekara talatin da biyar da suka wuce ni ce mai masar kasuwar Bab Makka, layi ake yi a gaban tandata tun kafin in hura wuta. Mariyamu lokacin sabuwar zuwa ce, siririya, ba ta san kowa ba. Ta zo ta durƙusa ta ce Yaya ki koya min sana'a. Na koya mata tsakani da Allah, tun daga jiƙo har juyi. Sai dai na yi abin da kowace mai girki ta gada daga uwarta: ba a ba da girki duka. Ana rage wani abu a ajiye a ƙarƙashin harshe. Na ɓoye mata dafaffiyar shinkafar da ake haɗawa da jiƙaƙƙiyar kafin a kai markaɗe, wadda ita ce ke sa masa ta yi laushi kamar kumatun jariri.

Wata biyu Mariyamu tana soya duwatsu. Daga baya, ko leƙe ta yi ko dabara ce ta zo mata, ta gano. Ta kafa tandarta taku goma daga tawa ta raba min layi biyu. Tun daga nan gaisuwarmu ta zama irin ta asibiti, a tambayi jiki a wuce.

Yanzu ga shi ta zo rubuta littafi, ta zuba maganata kalma bayan kalma, har da ramin da na bar mata. Ta san abin da ya kamata ya zauna a ramin, ta tsallake shi. Abin da na yi mata ita kaɗai, ta yi wa duniya.

Wani daɗi ya taso min tun daga yatsun ƙafa. Na ce a raina, bari mu ga ƙarshen wasan. Na ɗauki shayina.

Mastura tana da doka: ba ta auna littafin girki sai ta dafa abin da ke ciki yadda aka rubuta, ba ƙari ba ragi. Ta yi miyar taushe ta yi kyau. Ta yi dambu, ba laifi. Ta zo kan masa. Ta jiƙa, ta markaɗa, ta sa yis, ta rufe ƙullu da bargo kamar mai zazzaɓi. Abin da ya fito daga tanda, in kin jefi mutum da shi sai an kai ku wurin 'yan sanda. Ta ce ƙila hannunta ne, ta sake. Ta ce ƙila shinkafar ce, ta je har Bab Makka ta sayo wata, ta yi na uku. Duk ina zaune a bakin kicin ina ba ta ƙwarin gwiwa.

A na ukun ne na ɗauki ɗaya na ƙwanƙwasa a tebur, na ce wannan a adana wa alhazai, in tsakuwar jifa ta ƙare musu a Mina. Wasa na yi. Yarinyar nan ta ɗauka ta sa a rubutunta ba tare da ta sa masa riga ba. Finjali ɗaya. Ta saki ranar Talata.

Kafin Azahar ɗin Laraba babu zauren mata a waya, daga Bani Malik har Waziriyya, da tsakuwar jifa ba ta shiga ba. Ni kaina sau huɗu aka turo min, har da mai tambayata wai ko na san wace ce Ummu Turkin. Na ce Allah ya rufa mana asiri.

Da yamma saƙon Zaharadden ya shigo. Ina kusa, kuma tabarau biyun suna hancina, don haka ba leƙe na yi ba, gani na yi.

"Mastura, littafin girkin nan."

"Ka gani? Mutum ɗari uku sun yi dariya."

Ya yi ta rubutawa yana gogewa, alamar nan tana fitowa tana ɓacewa. Can sai ga kalma biyu.

"Ummi ce."

Mastura ta kifa wayar a cinya, sannan ta ɗauka ta tambaye shi me ya sa bai faɗa mata ba. Ashe shi ya zauna wata uku uwar tana faɗa yana bugawa, shi ya buga littafin a wurin aikinsu, shi ya aiko shi ta hannun wani ba tare da suna ba. Wai so ya yi ya ba ta mamaki. Ya tabbata biyar za ta bayar, sai ranar Juma'a ya miƙe a gaban mutane ya ce to ga marubuciyar, surukarki ce. Allah sarki namiji. Shekara talatin yana cin masar uwarsa, bai taɓa tunanin akwai bambanci tsakanin abin da take faɗa da abin da take yi ba.

Yau Alhamis da safe Mariyamu ta aiko wa Wafa'u saƙon murya mai minti bakwai. Na saurara sau biyu don in tabbatar ban rasa komai ba. Taƙaitawarsa: ƙafarta ba za ta taka benenmu gobe ba sai an goge rubutun nan, an mayar da finjali biyar, an kuma nemi gafara a inda aka yi dariyar.

Kun ji abin da ya tsayar da Wafa'u a tsakiyar falo. Ta ce wa 'yar, wane irin shafi ne ya fi aure? Ta ce yaro mai hankali irin wannan ba a tsintarsa a titi, ta ce me za ta faɗa wa uban Mastura da ya baro aiki daga garin Yanbu saboda gobe. Mastura dai idonta ya kawo ruwa, don tana son yaron, ni shaida ce. Amma ta buɗe wayar ta karanta mana wani saƙo da ya shigo mata. Wata amarya ce a Waziriyya, ta sayi littafin ta yi masar nan wa dangin miji ranar da suka fara zuwa gidanta. Ta ce kwana biyu tana kuka a banɗaki tana cewa hannunta ne ba shi da albarka, sai da ta ga rubutun Mastura ta san ba laifinta ba ne.

"In na goge, Ummi, na koma na ce mata hannunta ne."

Na ajiye gyaɗar da ke hannuna. Na tuna wata siririyar yarinya a Bab Makka tana kwashe duwatsu daga tanda tana share ido da gefen zane.

Wafa'u ta juyo kaina ta ce in sa baki mana, ni ce babba. Na ce Allah ya kyauta. Tana shirin ce min wani abu da zai sa ta yi istigfari daga baya, sai aka danna ƙararrawa.

Mariyamu ce da kanta. Abaya mai duwatsu a hannu, lalle ɗanye har gwiwar hannu, tana haki don lif ɗinmu ya kwana biyu a tsaye. A bayanta Zaharadden ne ɗauke da babban faranti rufe da farin kyalle. Ta karɓa, ta ce ya tsaya nan waje maganar mata ce, ta tura ƙofa da ƙafa. Ƙofar tamu kuwa irin ta gidajen haya ce, in ka yi atishawa a falo na kan bene zai ce maka yarhamukallah.

Ba ta zauna ba. Ta dire farantin a kan tebur ta yaye kyallen. Masa ce, jere, fara tas da bakin zinariya, tana tururi. Ƙamshin ya mayar da ni shekara talatin da biyar baya.

"Ci, 'yata," in ji ta. "Ci ki faɗa min ko da wannan ake jifa."

Mastura ta ce bismillah ta ɗauki ɗaya da hannu biyu. Tana gutsura ta lumshe ido. Ta ce wallahi, Khala, ita ba ta taɓa cin masa irin wannan ba, wannan ta wuce biyar, sai dai a ƙaro finjalai daga maƙwabta. Wafa'u ta sauke ajiyar zuciya, har ta fara gyara wa baƙuwa matashi. Mariyamu ta ce to halas, magana ta ƙare, a ɗauko waya a gyara.

"Amma Khala, ba wannan ce a littafin ba."

Yarinyar ta ce cikin ladabi, kanta a ƙasa, ita littafi ta auna ba hannun Khala ba. Sau uku ta bi shafin nan harafi bayan harafi. Ko dai an manta wani abu, ko an rage.

In Mariyamu ta ce ba a rage komai ba, ga masa a faranti tana ƙaryata ta. In ta ce an rage, sai ta faɗi abin. Sai ta juyo a hankali ta dube ni, karo na farko tun shigowarta.

"Ki tambayi kakarki wa ya koya min ragi. Ummu Badr, ko ba ki gane karatunki ba da aka karanta miki?"

Ido huɗu suka dawo kaina. Mastura ta ce, "Sitti, kin sani?" Na ce sani iri-iri ne. Ta ce sau uku ina zaune ina kallonta tana ɓarnar shinkafa. Na ce ai koyo kenan. Wafa'u ta zauna a ƙasa daɓas, ludayin a cinya.

Mastura ta ce to shi kenan, abu ya zo da sauƙi. Tunda mu biyu mun sani, ɗaya ta faɗa, ita kuma ta rubuta gyara a shafi, kowa ya huta.

Abin mamaki, 'yan uwa. Shekara talatin da biyar ban taɓa yarda da Mariyamu a kan ko ƙarfe nawa ne ba, amma bakinmu ɗaya muka ce a'a. Na ce sirrin girki ba a shanya shi a titi. Mariyamu ta ce ƙwarai, Yaya ta faɗi gaskiya, a kicin ake ba da shi, a kunne, ga 'ya ko matar ɗa. Har ta matso ta zauna kusa da ni ta ɗebi gyaɗata. Ta ce wa Mastura in ta shigo gidanta da aure, ranar da ta kwana bakwai za ta ja ta gefe ta faɗa mata.

"Ni kaɗai, Khala? Waɗanda suka sayi littafin fa?"

"Su ma su auri 'ya'yana."

A daidai nan wayar Mastura ta yi ƙara. Ta duba. Na ga kunnuwanta sun motsa, irin na mai danne dariya. Na miƙa wuya. Daga Zaharadden ne, daga bayan ƙofa.

"Dafaffiyar shinkafa ce. Ludayi biyu a kowane mudu, kafin markaɗe. Ni nake kai mata niƙa tun ina firamare, na ɗauka kowa ya sani."

Mastura ta ajiye wayar a kan tebur, fuskarta sama. Ta ce, Khala, yanzu ta san abin da babu, amma ba za ta rubuta ba, don ba nata ba ne. Mai littafi ce za ta cike raminta da hannunta. Yau ɗin nan za ta rubuta cewa ta ci masar Ummu Turki ta gaske kuma ta fi ƙarfin biyar, za ta kuma cire maganar tsakuwa ta ba da haƙuri a kanta, don ba'a ce ba awo ba. Amma littafi yana nan a finjali ɗaya har ranar da aka gyara shafi na arba'in da biyu.

Mariyamu ba ta ji rabin maganar ba. Idonta yana kan wayar, a kan sunan da ke saman saƙon. Ta karanta da leɓe, a hankali, har ludayi biyun.

"Ɗan da na goya," ta ce. "Tun ba a ɗaura aure ba."

Ta miƙe ta gyara abaya. Wafa'u ta riƙe mata hannu tana Khala don Allah, Khala gobe fa. Ni kuma, tunda hankalin kowa ya tafi can, na miƙa hannu na ɗauki masa ɗaya. Ta yi laushi, ta yi kyau, ba zan zalunce ta ba. Amma da na tauna na kai ƙarshen harshe, sai na ji wurin nan da babu kowa. Abu biyu na ɓoye wa Mariyamu a Bab Makka. Ɗaya ta gano. Kada ma ku sa rai, ba zan rubuta na biyun a nan ba.

Ban san murmushi ya kuɓuce min ba sai da na ga ta tsaya tana kallona. Ta dubi masar da ke hannuna, ta dubi bakina. Mace ce mai ganewa, shi ya sa ban taɓa son ta ba.

"Gobe bayan Magariba muna nan," in ji ta. "Ba don ku ba, don na riga na sa lalle. Amma ke za ki yi masar baƙi, Ummu Badr, da hannunki. Ni zan ci a gaban mata in ba ta finjalinta, jikarki kuma ta rubuta abin da na bayar a shafin nata, ba ƙari ba ragi."

Mastura, 'yar da na raina da hannuna, ta ce ta yarda.

Shekarata goma sha ɗaya rabona da juya masa. Tandar tana ƙarƙashin gado, na cika ta da tsofaffin maɓallai. Na buɗe baki in kawo maganar ciwon kafaɗa, Mariyamu ta riga ta juye sauran masar a kan tiren gahawarmu, ta saɓa farantinta a hammata, ta fizgo ƙofa. Zaharadden da ya jingina kunne a jiki ya tafi luu zai faɗo cikin falo. Ta tare shi da farantin a ƙirji, ta tura shi waje.

"Wuce, mai kai niƙa."

Ta ja ƙofar da ƙarfin da ya sa finjalan da muka jera wa baƙin gobe suka yi ƙara a cikin kabad.